Masu Hawa Falwaya: Tarihin Aikin Wutar Lantarki a Arewacin Kogin Kaduna, 1929 zuwa 2024

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya tashi ba da tarihin wutar lantarki a Nijeriya yakan fara ne da Ikko a 1896, inda aka kafa injin farko, sa'an nan ya gangaro kan sunayen hukumomi, daga ECN zuwa NEPA zuwa PHCN, ya rufe da lissafin madatsun ruwa da yawan wutar da kowacce take bayarwa. Wannan hanya tana da amfaninta, amma akwai mutanen da takan tsallake, watau waɗanda suka haƙa ramuka, suka kafa turaku, suka ja waya a cikin daji, kuma suke fita da tsakar dare idan hadari ya ka da falwaya. A ganinmu tarihin wuta bai cika ba sai an sa su a ciki, domin wutar da aka samar a Kainji ko Shiroro ba ta da wani amfani ga mai shago a Kawo sai wani ya ɗauko ta ya kawo masa ita har ƙofa.

A wannan maƙala za mu dubi aikin waɗannan mutane a ɓangaren birnin Kaduna da ke arewa da kogi, wanda ya haɗa da Doka da Unguwar Rimi da Malali da Unguwar Sarki da Kawo da Mando da Tudun Wada da Rigasa. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda dalilai biyu. Na farko, a nan gwamnati ta zauna tun zamanin Turawa. Na biyu, a nan babbar tashar Mando take, wadda ta zama mashigar wuta zuwa wani babban sashe na Arewa. Idan muka ce ma'aikatan fili, muna nufin injiniyoyi da ƙwararrun masu fasaha da masu hawa falwaya da leburori, duk waɗanda aikinsu yake a bakin waya da tiransifoma. Za mu bi zamunan da aikin ya ratsa, mu bayyana wahalhalunsa, sa'an nan mu auna ladarsa.

2.0 Mafari: Zamanin PWD

Kaduna gari ne da aka ƙirƙira domin mulki. Gwamna Lugga ne ya zaɓi wurin saboda kogi da hanyar jirgin ƙasa, aka kuma taso da hedkwatar Lardunan Arewa daga Zungeru zuwa nan a 1917. Ofisoshi da barikin soja da gidajen Turawa duk aka gina su a arewa da kogi, mahaɗar jirgin ƙasa kuwa tana kudu.

Ma'aikatar Ayyuka ta gwamnati, watau PWD, ita ta kawo wuta Kaduna a 1929. A wannan shekara ce kuma aka kafa kamfanin NESCO a ƙasar Jos, wanda ya yi amfani da gangaren ruwan Kurra ya ba ma'adinan kuza wuta. A Kano da Katsina En'e ce ta ɗauki nauyin aikin, Kano a 1930, Katsina a 1933. Ke nan a wancan zamani babu wani abu mai suna babban layin ƙasa. Kowane gari da injinsa, da 'yan ma'aikatansa, da iyakar inda wayarsa ta tsaya.

Wannan tsari ya sa aikin fili na farko ya zama ƙarami amma mai wuya. Duk kayan aiki, daga waya har tangaran ɗin da ke riƙe ta a kan falwaya, daga Ingila ake kawo su ta jirgin ruwa, a ɗoro su a jirgin ƙasa daga Ikko. In abu ya lalace, sai dai ma'aikaci ya yi dabarar gyara shi a bakin aiki, domin sabo yana iya ɗaukar watanni kafin ya iso. Manyan injiniyoyi Turawa ne, masu fasaha da yawa sun fito daga Kudu, 'yan ƙasa kuwa galibi a aikin ƙarfi suka fara, suna haƙa rami da ɗaga turke da igiya. Har ila yau wutar ba ta kowa ba ce. Ofisoshi da unguwar Turawa da bariki su aka fara ba, talakan gari kuwa ya daɗe yana tare da fitilarsa ta kananzir. Wanda ya kafa falwaya da rana yakan koma gida ya kwana a duhu, kuma wannan bambanci ya daɗe yana bin aikin.

3.0 Zamanin ECN da Bunƙasar Gari

A 1950 aka yi dokar da ta kafa hukumar ECN, ta fara aiki a ranar 1 ga Afrilu 1951, ta kuma karɓi tashoshin gwamnati da na En'e. Wannan ya zo daidai da lokacin da Kaduna ta zama cibiyar mulkin Jihar Arewa. A 1957 masaƙar KTL ta buɗe a Kakuri, wasu masaƙu suka biyo baya, ta haka kudancin kogi ya zama wurin masana'antu. Arewacin kogi kuwa nauyinsa iri dabam ne: majalisa, da ma'aikatun gwamnati, da asibitoci, da gidan rediyo da talbijin na Arewa da aka kafa a 1962, da Makarantar Horon Hafsoshi ta 1964, da jaridar New Nigerian da ta fara fita a ranar 1 ga Janairu 1966. Masaƙa tana shan wuta mai yawa a wuri guda, amma gidaje da ofisoshi suna buƙatar dogayen layuka masu rassa, kowane reshe kuwa wuri ne da matsala za ta iya aukuwa. Saboda haka ma'aikacin arewacin kogi ya fi yawan zirga-zirga tsakanin tituna da lunguna.

A wannan zamani ne aka fara batun horar da 'yan Arewa a kan aikin. An buɗe makarantar koyon fasaha ta Kaduna a 1956, wadda ta zama Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a 1968, babban mazauninta yana Tudun Wada. A Zariya kuma Jami'ar Ahmadu Bello, da aka kafa a 1962, ta gāji sashen koyar da aikin injiniya daga kwalejin da ta gabace ta. Rikicin 1966 ya nuna muhimmancin wannan horo ta hanya mai ɗaci, domin ƙwararrun ma'aikata da yawa 'yan Jihar Gabas sun bar Arewa, aka bar gurabe a jirgin ƙasa da gidan waya da wutar lantarki. Waɗanda suka rage, tare da matasan da ba su daɗe da fitowa daga makaranta ba, su suka riƙe layukan a cikin shekarun yaƙin basasa.

Ƙidayar 1963 ta ba Kaduna mutum kimanin 150,000, kuma a 1967 Max Lock ya fitar da tsarin da yake ganin garin zai bi har zuwa 2017. Garin bai jira tsari ba. Unguwanni irin su Rigasa da Hayin Banki da Unguwar Dosa sun bazu da sauri fiye da yadda hukuma take iya kafa turaku, har ya zama gida ke riga waya zuwa wuri. Daga nan matsalar tiransifoma mai ɗauke da kayan da ya fi ƙarfinsa ta samo asali.

4.0 Kainji da Tashar Mando

Babban sauyi ya zo ne da madatsar ruwa ta Kainji. An kafa Hukumar Madatsun Kogin Kwara a 1962, aka fara ginin a 1964, wuta ta fara fitowa a 1968. Mutum fiye da 40,000 aka tayar daga tsohuwar Bussa da ƙauyukan kewaye domin tafkin. Daga baya aka ƙara injuna har ƙarfin tashar ya kai megawat 760. A 1972 aka haɗe wannan hukuma da ECN aka sami NEPA, sunan da har yau jama'a ba su daina kiran ma'aikatan wuta da shi ba, kamar yadda shataletalen da ke kusa da ofishinsu a titin Ahmadu Bello yake amsa shi.

Ya kamata mu ɗan tsaya mu bayyana dalilin da ya sa ake kafa waɗannan dogayen hasumiyoyin ƙarfe. Idan wuta tana tafiya a waya, wani sashe nata yakan zama zafi ya salwanta, kuma asarar tana ƙaruwa ne gwargwadon yawan kwararar wutar a ninka shi da kansa. In aka ɗaga ƙarfin turawa sau 10, kwararar takan ragu sau 10, asarar kuwa ta ragu sau 100. Shi ya sa ake ɗaga wuta zuwa bolt 330,000 kafin ta bar madatsa. Idan ta iso Mando sai a sauko da ita zuwa 132,000, daga nan zuwa 33,000, ƙananan tashoshin cikin gari su mai da ita 11,000, sa'an nan tiransifoman unguwa ya sauko da ita zuwa kimanin 400 da 230 da ake amfani da su a gidaje. Kowane mataki yana da ma'aikatansa, da kayan aikinsa, da irin hatsarinsa.

Da aka buɗe madatsar Jebba a 1985 da ta Shiroro a 1990, matsayin Mando ya ƙaru. Shiroro, mai megawat 600, a kan Kogin Kaduna take, cikin Jihar Neja, tazarar layinta zuwa Mando kuwa ba ta kai kilomita 100 ba. Daga Mando babban layi ɗaya ya nufi Kumbotso a Kano, tafiyar kimanin kilomita 230, wani kuma ya nufi Jos. Ruwan da ya ratsa ta tsakiyar Kaduna shi ne yake gangarawa ya juya injunan Shiroro, wutar ta dawo wa garin ta waya. A ƙasa da Shiroro kuma, a Zungeru inda Lugga ya baro, an gina wata madatsar mai megawat 700 wadda aka fara aikinta a 2013.

Wannan ya haifar da sabon nau'in ma'aikacin fili, watau mai sintirin babban layi. Aikinsa shi ne bin hasumiya bayan hasumiya, sau da yawa a ƙafa, yana duba tangaran da ya tsage, da ƙusar da ta kwance, da gindin hasumiyar da zaizayar ƙasa ta ci, da itacen da ya yi tsawo ya kusanci waya. Ƙa'ida ta ware faɗin mita 50 a ƙarƙashin layin 330,000 da mita 30 a ƙarƙashin na 132,000, ba gini ba dogon itace. Sare wannan fili kowace shekara bayan damina aiki ne na adda da gatari, a cikin ƙasar macizai da ƙudan zuma.

5.0 Wahalhalun Aiki

5.1 Yanayi

Ma'aikacin wuta a Kaduna yana lissafin shekararsa ne da yanayi, kamar manomi. Farkon damina, wajen Afrilu da Mayu, shi ne lokacin iska mai ƙarfi da tsawa. Iska takan karya rassan manyan itatuwan da aka shuka a tsofaffin unguwannin gwamnati ta jefa su kan waya, ta kwashe kwanon rufi ta maka a layi, ta ka da falwaya da dama a jere, domin in ɗaya ta faɗi waya takan jawo na kusa da ita. Aradu kuma takan fasa tangaran ko ta ƙona tiransifoma. A tsakiyar damina ƙasa takan yi laushi, turke ya karkace, motar aiki ta kafe a hanyar daji. Da hunturu sai ƙurar hazo ta kwanta a kan tangaran, raɓar asuba ta jiƙa ta, wuta ta sami hanyar tsallakewa zuwa ƙarfe, layi ya katse alhali babu abin da ya tsinke. A wannan lokaci ne kuma ake ƙunar daji, hayaƙi da harshen wuta a ƙarƙashin babban layi suna iya sa ya katse. Da bazara zafi yakan sa kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki, tiransifoma ya yi zafi, fis ya riƙa tsinkewa. Gara kuwa ba ta da lokaci. Ita ce ta sa aka yi ta musanya turakun katako da na kankare, domin falwayar da gara ta cinye cikinta takan tsaya kamar lafiyayya har sai mutum ya hau.

5.2 Hatsarin wuta

Wuta ba ta da launi ba ta da wari, waya mai rai da matacciya kamanninsu ɗaya. Kwararar da ba ta kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba tana iya rikita bugun zuciya ta kashe mutum, a manyan layuka kuwa ba sai an taɓa waya ba, kusantarta kaɗai ya isa. Saboda haka aka gina aikin a kan ƙa'idoji masu tsauri. Kafin a hau, sai an kashe layin daga tasha, an kulle makunnin, an rataya alamar gargaɗi, an gwada an tabbatar babu wuta, an haɗa wayoyin da ƙasa a gaba da bayan wurin aiki, sa'an nan a ba shugaban ayari takardar izinin aiki. Ba a mai da wuta sai ya dawo da takardar ya tabbatar kowa ya sauko. Ran wanda ke kan falwaya a Badarawa yana hannun wani mutum da ke zaune a tasha wanda ba ya ganinsa, abin da ya haɗa su kawai takarda ce da amana.

Yawaitar janareto tun daga shekarun 1980 ta kawo wani hatsarin da ma'aikatan farko ba su sani ba. Idan mai gida ya haɗa janareto ba tare da makunnin da ke raba shi da layin hukuma ba, wutarsa takan koma baya ta bi waya, tiransifoma ya ɗaga ta zuwa bolt 11,000, ta sami ma'aikacin da ya tabbata an kashe layi. Haɗa waya da ƙasa shi ne kariyarsa, shi ya sa gaggawa ko rashin kayan yin hakan yake zama sanadin ajali. A layukan da ke tafiya biyu a kan hasumiya ɗaya kuma, wanda aka kashe yakan ɗauki wuta daga na kusa da shi ko da ba su taɓa juna ba.

5.3 Jama'a

Wahalar da ba a koyarwa a makaranta ita ce ta mu'amala da mutane. Ma'aikacin fili shi ne fuskar hukuma a unguwa. In an rage wa Kaduna kason wuta daga cibiyar kula da babban layi da ke Oshogbo, in an aiko da takardar kuɗin wuta ta ƙiyasi ga gidan da ba shi da mita, shi ake tarewa da faɗa, ko da yake ba shi ya yanke ko ɗaya ba. Masu zuwa yanke wuta sun sha zagi da duka, har da sauke musu tsani suna sama. Ba za mu ɓoye ba cewa wasu ma'aikata sun ba da tasu gudummawa ga wannan ƙiyayya ta hanyar karɓar na goro da haɗa wuta ta bayan fage. A ɗaya gefen kuma akwai masu satar wuta, da ɓarayin man tiransifoma da wayar tagulla, da 'yan kanzagin da jama'a ke kira su canja musu layi, waɗanda suke barin waya a hargitse ga wanda zai zo gyara.

Ƙarancin kuɗi ya ƙara tsananta al'amarin. A Oktoban 1988, a cikin matsin tattalin arzikin wancan lokaci, manyan ma'aikatan NEPA suka yi yajin aiki a kan rashin kuɗin gudanarwa da yanayin aiki, ƙasa ta shiga duhu na 'yan kwanaki. Kotun soja ta yanke wa mutum 11 ɗaurin rai da rai, aka sassauta zuwa shekara 10, aka sake su a 1990. Hukuncin ya tsorata ma'aikata, amma bai kawo tiransifoma ko safar hannu ba. Dokar gyaran fannin wuta ta 2005 ta mai da NEPA ta zama PHCN, aka raba ta kamfanoni 18. An miƙa yawancinsu ga 'yan kasuwa a ranar 1 ga Nuwamba 2013, na Kaduna kuwa, mai kula da jihohin Kaduna da Kebbi da Sakkwato da Zamfara, sai a Disamban 2014. Manyan layuka suka ci gaba da zama a hannun kamfanin gwamnati na TCN. A wannan sauyi tsofaffin ma'aikata da yawa sun bar aiki, tare da ilmin da ba a rubuce yake ba: inda aka binne kebul a shekarun baya, da layin da ke ciyar da wane lungu, da falwayar da ba a hawa.

5.4 Rashin tsaro

Wahala ta ƙarshe ita ce mafi sabunta. Dajin da layin Shiroro zuwa Mando ya ratsa ya zama mafakar 'yan bindiga. A Oktoban 2024 aka lalata hasumiyoyi a kan wannan layi, ma'aikata suka kasa isa wurin sai da rakiyar jami'an tsaro. Wutar Arewa ta koma dogaro da layin da ya taso daga Ugwuaji ta Enugu ya bi ta Apir kusa da Makurɗi zuwa Jos. Da shi ma ya katse a cikin wannan wata, Kaduna da Kano da jihohi da dama suka shafe fiye da mako guda cikin duhu, sai a ƙarshen watan aka fara dawo da wuta. Maiduguri ta riga ta ɗanɗana irin wannan a 2021, lokacin da aka tarwatsa hasumiyoyin layin Damaturu, wasu ma'aikatan da suka je gyara kuma nakiya ta tashi da motarsu suka jikkata. Abin da waɗannan kwanaki suka koya mana shi ne masu niƙa da masu walda da masu sayar da ƙanƙara da asibitoci na yanki guda duk suna rataye ne a kan ko wani ƙaramin ayarin ma'aikata zai iya isa gindin wata hasumiya a daji ya dawo lafiya.

6.0 Ladar Aiki

Mai sauraro zai iya tambaya, to me ke riƙe mutum a irin wannan aiki? A zamanin ECN da NEPA amsar farko a fili take: albashi tabbatacce, da fansho, da gidan ma'aikata, da horo a makarantun hukumar irin ta Kainji. Ɗan talaka yakan shiga yana riƙe tsani, ya ci jarrabawar sana'a, ya zama shugaban ayari, ya ilmantar da 'ya'yansa. Tun bayan kafa hukumar rajistar injiniyoyi a 1970 kuma, aikin ya sami matakai da martaba a idon doka.

Lada ta biyu ita ce ilmin da ba a samu sai a fili. Injiniyan da ya fito daga Zariya ko Tudun Wada da lissafi a kansa yakan tarar da tsohon mai hawa falwaya wanda yake gane ciwon tiransifoma daga ƙararsa da warin mansa, yake kuma iya hasashen inda layi ya lalace daga alƙiblar da hadarin jiya ya bi. Shi kuma tsohon yana buƙatar lissafin yaron domin ya san dalilin da ya sa layi ɗaya cikin uku yake ɗaukar kaya fiye da sauran. Inda waɗannan biyu suka girmama juna, a nan ake samun ƙwararre. Wannan ilmi kuwa yana bin mutum har bayan ritaya, domin da yawa daga masu haɗa wutar gidaje da masu naɗin mota da tiransifoma a Panteka da sauran wurare daga hannun tsofaffin ma'aikatan wuta suka koya.

Lada ta uku ita ce ganin amfanin aiki nan take. Malami yakan jira shekaru kafin ya ga abin da ya shuka, amma ma'aikacin wuta yana saukowa daga falwaya yake jin ihun yara sun ga an kawo wuta. Famfunan gidan ruwa na Malali, da ɗakin tiyata na Asibitin Barau Dikko da na Cibiyar Ido ta Ƙasa, da injin ɗab'i, da muryar Rediyon Kaduna da ta game ƙasar Hausa, babu wanda zai yi aiki in babu hannunsa. Akwai kuma zumuncin da hatsari ke ƙullawa. A garin da ya sha rikicin addini da ƙabilanci, har kogi ya zama kamar iyaka bayan tarzomar 2000, layin wuta bai daina tsallaka kogi ba, kuma wanda ke sama dole ya amince da wanda ke riƙe masa igiya a ƙasa, ko daga wace unguwa ya fito.

7.0 Kammalawa

Mun ga yadda aikin ya tashi daga 'yan turaku a kewayen ofisoshin Turawa a 1929, ya bi bunƙasar gari a zamanin ECN, ya shiga daji da zuwan Kainji da Shiroro, har ya kai ga buƙatar rakiyar soja a 2024. Sunan hukuma ya sauya sau da dama, amma hawa falwaya da tsoron waya mai rai suna nan yadda suke. A bisa wannan muna da shawarwari guda uku.

Na farko ya shafi masana tarihi. Waɗanda suka yi aiki a ƙarshen zamanin ECN da farkon NEPA sun tsufa, kuma abin da suka sani bai shiga fayil ba. Ya kamata sassan tarihi da na Hausa su tura ɗalibai su ɗauki bayanansu, a ajiye a wurare irin su Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa, waɗanda dukansu a arewacin kogin suke.

Na biyu ya shafe mu malaman kwalejojin ilmi. Lokacin da aka fara tsarin 6-3-3-4 a 1982, an sayo injunan koyar da fasaha domin ƙananan makarantun sakandare, da yawansu suka ruɓe a cikin akwatuna saboda babu wuta kuma babu malaman da za su sarrafa su. Bai kamata a maimaita wannan ba. Ɗalibin da muke horarwa ya koyar da fasaha ya kamata ya taka ƙafarsa a tashar Mando, ya ga yadda ake ba da takardar izinin aiki, kwalejojinmu kuma su ƙulla hulɗa da cibiyar horar da ma'aikatan wuta ta ƙasa, NAPTIN, wadda aka kafa a 2009 kuma take da reshe a Kaduna.

Na uku ya shafi harshe. Ayarin ma'aikata da Hausa suke magana a bakin aiki, jama'ar da ke gini a ƙarƙashin babban layi ko suke haɗa janareto ba bisa ƙa'ida ba su ma Hausa suke ji, alhali ƙa'idojin kariya da Turanci aka rubuta su. Kalmomi irin su falwaya da fis da tiransifoma sun riga sun zauna a bakin mutane. Abin da ya rage shi ne masana harshe su zauna da ma'aikatan fili, a tattara waɗannan kalmomi, a daidaita su, a rubuta ƙa'idojin da su, a kuma sa su a littattafan makaranta da shirye-shiryen rediyo. Muna fatan mahalarta wannan taro za su tattauna yadda za a fara wannan aiki.